Zauren Iyali: Safiyar da Muka Tarar da Dakwalwa Mushe

 

A tsakiyar watan Janairu, wata safiya da hazo ya lulluɓe Maraɗi har mutum ba ya hango ƙarshen layinsu, muka dawo daga sallar asuba muka tarar da ƴar autarmu tsugune a bakin akurki. Shekarunta takwas. Jar dakwalwar nan tata, wadda kakarta ta aiko mata daga ƙauye tun tana sagara, tana kwance a gefe guda, ƙafafu a miƙe, ta riga ta sandare. Jiya-jiya da la'asar da idonmu muka gan ta tana tonon ƙasa a gindin dogon yaro, ta ci dusa, ta sha ruwa a kasko, ta shiga akurki da ƙafarta kamar kullum. Babu jini, babu gashin da aka fige, babu sawun muzuru ko na maciji. Yarinyar ba ta yi kuka da ƙarfi ba, sai dai ta ɗago ta dube mu ta ce, "Baba, ta ƙi tashi."

Abin da ya fara fitowa daga bakinmu shi ne abin da muke nadama har yau. Muka ce, "Kaza ce fa, za a sayo miki wata." Uwargida, wadda ke tsaye da buta a hannu, ta yi sallallami a hankali, sa'an nan ta ce, "Malam, ai ba ta kai kaza ba a wurinka, amma ita duk dukiyarta ke nan." Gaskiya ta faɗa. A al'adarmu idan tsohuwa ta ba jikanta kaza, jari ta ba shi. Kaza ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, a sayar da zakaru a sayi ƴar akuya, akuya ta haihu, wata rana a wayi gari yarinya tana da abin da za a rage wa iyayenta nauyin kayan ɗaki da shi. Ƴar autarmu ta san wannan lissafi sarai, domin kakarta ta sha yi mata shi a kan tabarma. Ban da haka, ita ce take buɗe akurki da safe, ita take zuba ruwa, kuma dakwalwar ta san muryarta har takan biyo ta zuwa bakin zaure in za ta lakkol. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma ba su ce sabon ba ya nan ba.

A nan ne wani labari na sira da muka daɗe da sani ya dawo mana da wata fuska dabam. Sahabi Anas ɗan Maliku yana da ƙane ƙarami da ake kira Abu Umairu, yaron kuwa yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Asalin labarin yana cikin Buhari da Muslimu, ruwayar Abu Dawuda kuma ta bayyana cewa tsuntsun mutuwa ya yi, Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya shigo gidan ya ga yaron cikin baƙin ciki, ya tambayi abin da ya same shi, aka gaya masa. Sai ya kira shi da alkunyarsa kamar yadda ake kiran manya, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun nasa cikin raha. Ibnu Hajar ya ambata cewa wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙassi, ya fitar da fa'idoji sittin daga wannan ɗan gajeren hadisi. Mu dai fa'ida guda ta ishe mu a wannan safiya: shugaban al'umma, da dukan abin da ke kansa, ya lura da fuskar yaro, ya kuma ɗauki rashin tsuntsu a matsayin abin da ya cancanci a tsaya a tambaya. Muka koma muka tsuguna kusa da ita, muka ce ta ba mu labarin yadda ta tarar da kazar, da abin da ta ba ta jiya. Tana cikin bayani ne hawayen suka zo, kuma daga baya muka gane abin da ke cin ranta: tana tsammanin ita ta kashe ta, domin ta manta ba ta sake ruwan kasko da yamma ba. Da mun tsaya a kan "za a sayo wata", da ta ci gaba da ɗauke da wannan zargi ita kaɗai, ba wanda ya sani.

Ba mu gama da wannan ba sai wanta, wanda yake ganin kansa ya isa mutum, ya fito da wuƙa yana cewa ko za a gwada, wataƙila da sauran rai. Babu. Abin da ya mutu ba tare da yanka ba mushe ne, kuma haramcinsa a fili yake a cikin surar Baƙara da surar Ma'ida. Wuƙar da aka ɗora a wuyan abin da ya riga ya sandare ba ta mayar da shi halal. Wannan kowane gida ya sani. Inda ake samun ruɗani shi ne kazar da aka tarar tana gyangyaɗi, fukafukai a sake, ana ganin ba za ta kai azahar ba. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi bayani cewa dabbar da ke ciwo, ko da an fid da rai da ita, tana halatta da yanka muddin akwai rai tabbatacce a jikinta, alamarsa kuwa motsi mai ƙarfi a lokacin yankan. To amma hukuncin yanka abu guda ne, lafiyar masu ci da masu figa kuma wani abu ne, kuma shari'ar da ta halatta yankan ita ce ta hana mutum ya cutar da kansa ko ya cutar da wani. Wanda bai san abin da ke kashe kajinsa ba, bai san abin da yake sa wa ƴaƴansa a tukunya ba.

Mutuwar kaza farat ɗaya tana da dalilai masu yawa, kuma mai kiwo da ya natsu yakan iya rage su. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi kaɗai yana kashe kaza mai ƙiba idan akurkin kwano ne kuma ruwa ya ƙare, domin kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi. A farkon damina akan rasa kaji saboda irin shuka da aka cuɗa da magani ya zube a tsakar gida, haka nan maganin ɓera da aka ajiye a bayan rumbu. Ƙwai yakan maƙale wa dakwalwa ya kashe ta, tsaba mai fumfuna ma tana yi. Waɗannan duka sukan tsaya a kan kaza ɗaya ko biyu. Amma idan lokacin hunturu ne, aka rasa ɗaya yau, gobe aka ga biyu sun takure suna zawo kore, suna numfashi da ƙyar baki a buɗe, jibi wata ta murɗe wuya tana kallon sama tana juyi a wuri ɗaya, to annobar nan ce da ke share akurkan ƙauyuka kusan kowace shekara. A wasu sassan ƙasar Hausa ana ce mata fakat, sunan da ya dace da aikinta. Likitocin dabbobi kuwa da Faransanci suna kiranta maladie de Newcastle, saboda garin Niyukasul na Ingila, ɗaya daga wurare biyu da aka fara gane ta a shekarar 1926. Ɗayan shi ne tsibirin Jaba na Indunisiya. Ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira birus, tana fita ta kashi da majinar kaza, tana bin ruwan kasko, da takalmi, da kwandon ɗan kasuwa. Takan ɓuya a jikin kaza kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu, kafin ta bayyana, kuma irinta mai tsanani tana iya ƙarar da garken da ba a yi wa riga-kafi ba gaba ɗaya. Sau da yawa kazar farko ba ta nuna alama ko ɗaya, sai dai a tarar da ita kamar yadda muka tarar da tamu.

Tun kafin rana ta yi tsaka wata maƙwabciya ta leƙo yi wa yarinya jaje, ta rage murya ta ce wa uwargida ai ita ta daɗe tana zargin gidan da ke bayanmu, tunda kajinmu sukan tsallaka su ci musu shanyar gero. Wani kuma ya kawo maganar baki da kambun baka. Mun ga unguwannin da irin wannan raɗa ta raba gidaje biyu shekara da shekaru, ba gaisuwa, ba zuwa suna, alhali abin da ya kashe kajin yana tafe ne a tafin takalmin mai gidan kansa. Mu ma da muka zauna muka ƙirga kwanaki, sai laifin ya dawo ƙofarmu. Kwana shida kafin wannan safiya mun sayo wani zakara a wata kasuwar ƙauye, ƙato, mai jan zanko, da farashin da ya sa muka dawo gida muna yaba wayonmu. Muna isowa muka kwance masa ƙafa muka sake shi cikin sauran. Shi ne na biyu da ya mutu.

Arhar nan tana da tarihi, kuma sai da muka tsinci kanmu a matsayin mai sayarwar sannan muka fahimce ta. Da yamma, bayan kaza ta uku ta fara gyangyaɗi, wani ɗan'uwa mai son mu da alheri ya ba da shawarar da ake bayarwa a ko'ina: a kwashe sauran tun suna tsaye da ƙafafunsu, a kai kasuwa gobe da sassafe, a karɓi abin da ya samu. Kaji goma sha huɗu muke da su a lokacin, yawancinsu na uwargida ne, kuma daga cikinsu take fitar da kuɗin sabulu, da na zubin adashi, da na maganin zazzaɓi idan dare ya yi mai gida ba ya nan. Duk wanda ya ce shawarar ba ta shiga ransa ba a irin wannan hali, bai taɓa kiwo ba. Amma ta wannan hanya ce annobar take tafiya daga gari zuwa gari: mutum ya ga alama a gidansa, ya gaggauta sayarwa da arha, dillali ya haɗa kajinsa da na wasu a kwando guda, kafin mako ya zagayo cutar ta shiga gidaje goma. Wanda ya sayar mana da zakaran nan wataƙila shi ma uban yara ne da aka ba irin wannan shawara. Ba mu riƙe shi a zuci ba, sai dai mun ga abin da arharsa ta jawo wa yarinya ƴar shekara takwas.

Addininmu bai bar wannan wuri a buɗe ba. Ya tabbata a Buhari da Muslimu cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kawo su cikin masu lafiya, kuma Muslimu ya ruwaito yadda ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa a kan ɓoye aibin kaya. Kazar da ta kwana akurki ɗaya da mushe tana ɗauke da aibin da mai saye ba zai gani da ido ba, mai sayarwa kuwa ya sani. Uwargida ce ta yanke maganar, ko da yake asarar tata ce. Ta ce, "Malam, kuɗin da za a samu ba zai kai mu watan gobe ba, amma alhakin zai kai mu inda ba mu so." Kajin suka zauna.

Akwai wani dalili kuma da ya sa bai kamata a yi gaggawar figa ko sayarwa ba. Fakat ba ta cika cutar da mutum ba, iyakarta jan ido na ƴan kwanaki ga wanda ya yi ta'ammali da ita. Amma tana da ƴar'uwa mai kama da ita ƙwarai, wadda ko likita ba ya rarrabe su da ido sai an kai samfuri ɗakin bincike, wato murar tsuntsaye. Manya daga cikinmu suna tune da watan Fabrairu na 2006, lokacin da aka tabbatar da ita a Nijeriya, a jihar Kaduna, sa'an nan kafin watan ya ƙare aka same ta a Magarya cikin jihar Damagaram, a watan Maris kuma a Marwa ta Kamaru. Ta sake dawowa yankinmu a shekarun baya-bayan nan. Ita wannan tana iya kama mutum, kuma mafi yawan waɗanda ta kama a duniya ta wajen yanka da figa da taɓa tsuntsaye marasa lafiya ta same su, aikin da a gidajenmu mata da yara ne suke yi. Wata alama da mai kiwo zai riƙe ita ce agwagi: fakat ba ta cika kayar da su ba, saboda haka in aka ga agwagi suna mutuwa tare da kaji, to lamarin ya wuce na cikin gida. Ko wacce ce daga cikin biyun, sanar da ma'aikatan kiwo na gari wajibi ne, su ne suke da hanyar aika samfuri zuwa ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL a Yamai.

Dakwalwar dai mun binne ta. Muka sa hannu cikin leda muka ɗauke ta, muka haƙa rami mai zurfin kamu biyu a can ƙuryar gida nesa da rijiya, muka zuba toka a kai kafin mu mayar da ƙasa, muka ɗora dutse saboda karnuka, sa'an nan kowa ya wanke hannu da sabulu. Jefa mushe a kan juji, wanda shi ne abin da aka saba, daidai yake da raba cutar ga unguwa, domin kare zai ja, angulu zai sauka, kajin maƙwabta za su yi tono a wurin. Mun bar yarinyar ta tsaya ta gani daga ɗan nesa, ita ce ma ta zaɓi wurin. Ba a yi wa kaza salla, ba a yi mata zaman makoki, kuma mun gaya mata haka a fili. Amma ta ga an ɗauki abin da take ƙauna da mutunci, ba a wurgar da shi kamar tsumma ba. Bayan haka muka ware masu gyangyaɗi a wani kango, muka tsare sauran a gida, muka share akurki muka ƙone shara. Abu mafi nauyi shi ne zagayawa gidajen da ke kewaye da mu, har da wanda aka so mu zarga, muna cewa, "Malam, ciwo ya shiga kajinmu, a tsare naku." Mutumin ya yi godiya, ya kuma aiko ɗansa da tsohuwar ragar kamun kifi don mu toshe inda kajin suke tsallakawa.

Game da magani, kowa ya kawo nasa: barkono a ruwa, ɓawon maɗaci, gautan kaji, da ƴan kafson nan da masu talla suke yawo da su a faranti. Ba mu raina abin da iyayenmu suka gada ba, amma gaskiyar magana ita ce babu maganin da ke kashe wannan ƙwayar cuta bayan ta shiga jiki. Kafso an yi shi ne don wasu ƙwayoyin dabam, kuma barbaɗa shi a ruwan kaji ba bisa ƙa'ida ba ɓarnar kuɗi ce, yana kuma rage wa maganin ƙarfi ranar da ɗan Adam zai bukace shi. Kazar da ta tashi bayan an ba ta barkono, da ma tana cikin masu tashi. Abin da ke aiki shi ne lamba, wato riga-kafi, kuma sharaɗinta a yi ta tun kaji suna lafiya, domin jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya ɗauki kariya. Akwai ta allura, irin su ITA-New da aka daɗe ana amfani da ita a ƙasashen Sahel, wadda akan maimaita kamar sau biyu a shekara. Akwai kuma ta ɗigo a ido mai suna I-2, wadda masana a Ostareliya suka samar musamman don kajin ƙauye saboda tana jure zafi fiye da sauran, ita kuma akan sake ta duk bayan wata huɗu. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an buɗe ta ba ta jira, shi ya sa ya fi kyau unguwa ta haɗa kai ta kira ma'aikaci rana guda. Lokacin da ya fi dacewa a wurinmu shi ne bayan girbi, cikin Oktoba, kafin iskar hunturu ta taso. Mun san wannan duka tun ba yau ba, mun ma taɓa faɗa wa wasu. Ba mu yi ba ne kawai, saboda shekara biyu sun wuce lafiya, muka ɗauka haka za a ci gaba.

Cikin kwana goma muka rasa tara. Biyar suka tsira, ɗaya daga cikinsu har yau wuyanta a ɗan karkace yake, amma tana ci tana sha. Ma'aikacin kiwo da ya zo ya ce kada mu kawo sabuwar kaza sai an yi wata guda cur daga mutuwar ta ƙarshe, kuma duk wadda za ta shigo, ko ta kasuwa ce ko kyautar suruki, a ɗaure ta ita kaɗai mako biyu a ga halinta kafin ta haɗu da sauran. Wannan na biyun yana da ɗan wuyar faɗa a gaban baƙon da ya ɗauko zakara tun daga ƙauye don girmamawa, amma ana iya yi masa godiya yadda ta kamata, a kuma ɗaure zakaran a bayan ɗaki bayan ya tafi.

Da labari ya kai ƙauye, kakar yarinyar ta aiko a gaya mata akwai wata sagara, ƴar ƙanwar waccan dakwalwa, tana nan an ajiye mata. Muka aika da amsa cewa a riƙe ta tukuna sai ƙarshen Fabrairu. Ƴar autar ta samo alli ta ja layuka talatin a jikin bangon akurki, kowace safiya kafin ta tafi lakkol takan goge ɗaya. Uwargida kuma ta kai maganar lamba wurin zubin adashinsu, mata goma sha ɗaya sun ba da suna, sun ce a ware wani abu daga zubin watan Satumba.